Yadda Ɗan Wasa Zai Ƙulla Burin da Zai Iya Ƙirgawa

Idan ka tsaya a bakin kowane fili a Garwa, a arewacin Kamaru, bayan sallar La'asar, ka tambayi yaran da ke ɗaure takalmansu abin da suke nema a ƙwallo, mafi yawansu amsa guda za su ba ka: so suke su zama kamar Vincent Aboubakar. Ba na ganin laifinsu, domin daga ƙungiyar Coton Sport ta garin nan ya tafi Faransa a 2010, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a wasan ƙarshe da Masar a 2017, kuma shi ne ya zura wa Brazil ƙwallo a gasar duniya ta 2022. Amma idan ka sake tambayar yaron abin da ya zo yi a filin yau, sai ya yi shiru, ko ya ce maka atisaye kawai ya zo. Tazarar da ke tsakanin amsar farko da wannan shiru ta cinye ƙuruciyar yara masu baiwa da yawa, kuma a kanta nake so in yi bayani ga 'yan wasa, maza da mata, da masu horar da su a unguwanni da makarantu.

Ya kamata mu fara raba fata da buri. Fata shi ne abin da kake so ya same ka. Buri kuwa, a yadda zan yi amfani da kalmar a nan, abu ne da ka ɗora wa kanka, mai adadi kuma mai wa'adi, wanda idan ranar ta zo kowa zai iya dubawa ya ce ka cim masa ko ba ka cim masa ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru da dama suna bincike a kan wannan, Locke ma tun ƙarshen shekarun 1960 ya fara. Abin da suka yi ta gani shi ne, mutumin da aka yanka wa takamaiman adadi mai ɗan wuya yakan fi wanda aka ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zagaya fili da gudu. Iya ƙoƙari ba shi da iyakar da aka shata, saboda haka gajiya ce ke shata masa ita, kuma gajiya kullum da wuri take cewa ya isa. Sun kuma nuna cewa adadin ba ya aiki shi kaɗai, sai mutum ya karɓe shi a zuciyarsa, yana da hanyar sanin inda ya kai, kuma abin bai fi ƙarfin iyawarsa ba.

Buri iri uku, da wanda ya fi cancantar lokacinka

Akwai burin kofi, wato cin wasa, ɗaukar gasar hutu ta unguwanni, ko samun gurbi a babbar ƙungiya. Akwai burin awo, wato wani adadi na jikinka ko na ƙafarka da kake so ya ƙaru, kamar tazarar da kake gudu cikin ƙayyadadden lokaci. Sannan akwai burin aiki, wato abin da za ka yi yau da gobe da jibi, sau nawa, kuma ta wace siga.

Burin kofi yana da amfani, domin shi ne ke tayar da mutum daga barci da asuba. Aibinsa shi ne rabinsa ba a hannunka yake ba. Mutanen Garwa sun gani da idonsu a Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni na gasar kofin Afirka a filin Roumdé Adjia da ke garin, sannan Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya mai ban haushi a zagayen 'yan 16 a wannan filin. Coton Sport ma ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta Masar ta ɗauke kofin. Abokin hamayya yana da nasa shirin, alƙalin wasa yana da nasa hukuncin, turke ma yakan mayar da ƙwallon da kowa ya ɗauka ta shiga. Wanda bai riƙe komai ba sai burin kofi, ranar da aka doke shi ba shi da abin da zai duba ya san ko ya ci gaba ko ya koma baya.

Shawarata ita ce ka rubuta burin kofi guda ɗaya a shafin farko, ka bar shi can, ka mayar da hankalinka kan sauran biyun. Burin awo shi zai riƙa gaya maka gaskiya duk wata, burin aiki kuma shi za ka tashi da shi kowace safiya. Mun taso muna jin cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, to burin aiki shi ne igiyar.

Ka fara sanin inda kake tsaye

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yanka adadi bai taɓa auna kansa ba. Kafin ka ce za ka kai wani wuri, ka ware mako guda na awo, kuma ba ka buƙatar kayan aiki masu tsada.

Domin auna juriya akwai gwajin minti 12, wanda wani likitan Amurka mai suna Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968. Mutum zai yi gudu na tsawon minti 12 ba tsayawa, a auna tazarar da ya ci. Idan kana da damar shiga filin da ke da layin tsere, zagaye ɗaya mita 400 ne. Idan filin unguwa ne, ku auna kewayensa sau ɗaya da igiyar da aka san tsawonta, ku ajiye duwatsu a kusurwoyi huɗu, kada kuma a sake matsar da su. Agogon wayar hannu ya isa, sai aboki guda da zai riƙa ƙirga zagaye.

Domin auna ƙafa, ka sami bango ka zana murabba'i da gawayi ko alli, faɗinsa kamar mita ɗaya, ka ja baya mita 10, ka buga ƙwallo sau 50 da ƙafar da ba ka saba da ita ba, ka ƙirga nawa suka faɗa cikin zanen. Ɗan gaba zai iya rataya tsohuwar riga a kowace kusurwar raga ya ƙirga nawa ya taɓa cikin bugu 30. Mai tsaron gida ya ƙirga ƙwallayen sama nawa ya cafke da hannu biyu cikin 20 da aka ɗago masa daga gefe. Ɗan tsere yana da agogo, ɗan kokawa kuma zai iya ƙirga sau nawa yake maimaita kamu guda da kyau kafin ƙafafunsa su fara rawa. Ina kuma so kowa ya koyi ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya da safe kafin ya sauko daga shimfiɗa, domin idan juriya tana ƙaruwa adadin yakan ragu a hankali, idan kuma wata safiya ya haura sosai fiye da yadda aka saba, alama ce ta gajiya ko zazzaɓi na tafe.

Sharaɗi guda ne a nan, kuma kada a yi wasa da shi: duk lokacin da za a maimaita awo, a yi shi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, da ƙwallo iri ɗaya. Wanda ya auna kansa da sanyin safiyar Janairu, ya sake aunawa da yammacin Afrilu, zai ɗauka ya lalace alhali rana ce ta canza.

Nawa za a ƙara?

Nan ne ake buƙatar hankali, domin babu adadin da ya dace da kowa. Buri mai sauƙi ba ya motsa jiki, wanda ya yi nisa ainun kuma yakan kashe zuciya tun a mako na biyu. Ma'aunin da nake bi shi ne, ɗan wasa ya ji a ransa cewa zai iya, amma ba zai iya ba idan ya tsallake atisaye. A ce yaro ya yi mita 2,300 a gwajin minti 12, to neman 2,500 cikin mako takwas abu ne da za a iya zama a yi shawara a kansa, neman 3,000 kuwa yaudarar kai ce. Idan ƙafar hagu ta sami 14 cikin 50, a nemi 22 cikin wata guda, idan an samu a sake ɗagawa.

Sabon shiga yakan ci gaba da sauri, wanda ya daɗe kuma da kyar yake ƙara ɗan kaɗan, saboda haka kada babba ya auna kansa da saurin ƙaninsa. Françoise Mbango ta ci wa Kamaru zinare a tsallen taki uku a gasar Olamfik ta Atina a 2004 da tsallen mita 15.30, ta sake ci a Beijing a 2008 da mita 15.39. Santimita tara ke nan cikin shekara huɗu, bai kai tsawon tafin hannu ba, kuma a tsakani ta haihu ta dawo fili. Duk lokacin da wani ɗan wasa ya zo mini yana ƙorafin cewa sakan ɗaya kawai ya rage cikin wata biyu, wannan santimita tara nake tuna masa.

Kada buri ya wuce biyu ko uku a lokaci guda. Ɗaya na jiki, ɗaya na gwaninta, idan ana so a ƙara ɗaya na hali, kamar zuwa fili kafin lokaci ko kame baki daga yi wa alƙalin wasa musu. Wanda ya rubuta guda goma ba zai tuna na huɗu ba ranar Laraba.

Daga nan sai a fassara kowane burin awo zuwa aiki. Cewa za ka gyara ƙafar hagu ba ta ɗaure ka da komai ba. Abin da zai ɗaure ka shi ne ka rubuta cewa Litinin da Laraba da Asabar, minti 15 kafin sauran su iso, za ka buga wa bango ƙwallo 100 da hagu, 50 da cikin ƙafa, 50 da bayanta. Ka kuma tanadi abin da za ka yi idan wani abu ya gitta, tun kafin ya gitta: idan ruwan sama ya hana fita, za ka yi a zaure da ƙaramar ƙwallo, idan an aike ka kasuwa da yamma, za ka rama bayan sallar Asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka tsara buri da kalandar ƙasarmu

Yawancin tsare-tsaren atisayen da yaranmu ke gani a waya an yi su ne domin ƙasashe masu sanyi, kuma wanda ya kwafe su yadda suke zai wahala. A Garwa da Marwa da Kusiri, zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A wannan lokaci gudu mai nauyi sai da asuba, kuma bai kamata a sa wa'adin babban awo a cikinsa ba. A sha ruwa kafin a fara da kuma lokacin da ake yi, a riƙa duba launin fitsari, domin idan ya yi duhu jiki na neman ruwa. Idan ɗan wasa ya fara jiri, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Babu adadin da ya kai ran yaro.

Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, su ne lokacin gina juriya, sai dai mai ciwon asma ya kiyayi ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri. Damina tana zuwa da aikin gona da laka da zazzaɓin cizon sauro, kuma a cikinta ake buga gasannin hutu na unguwanni, saboda haka wanda ke son haskawa a Yuli da Agusta ya ƙirgo baya daga ranar farawa, ya raba makonnin zuwa zango-zango na mako huɗu, kowane zango da adadinsa. Ɗalibin da ke shirin wasannin makarantu na FENASSCO haka zai yi, ya kuma rage nauyi a makonnin jarrabawa ba tare da jin ya yi laifi ba.

Azumi kuwa yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka a duba inda zai faɗo kafin a yanka wa'adi. A ganina burin watan Ramadan shi ne riƙe abin da aka riga aka samu. A yi aikin gwaninta mara nauyi gab da shan ruwa, a bar gudu mai ƙarfi sai bayan sallar asham ga wanda ke da hali, a ɗage awo sai mako biyu bayan Sallah.

Littafin rubutu

Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ka keɓe shi domin wannan kaɗai. Bayan kowane atisaye ka rubuta kwanan wata, abin da ka yi da adadinsa, awa nawa ka yi barci, da yadda jikinka ya ji, daga 1 zuwa 10. Layi uku sun isa. Ranar da ba ka je ba ma ka rubuta, tare da dalili na gaskiya. Ka zaɓi rana ɗaya a mako ka duba shafukan, duk bayan mako huɗu kuma ka maimaita awo. Ka nuna wa mutum guda da kake jin nauyinsa, ko mai horarwa ne, ko yayanka, ko malaminka. Shelanta buri a Facebook ba shi da wannan amfani, domin masu yabo a can ba za su zo su ƙirga maka zagaye ba.

Ga masu horarwa

Burin da aka ɗora wa yaro da tsawa ba nasa ba ne, kuma zai ajiye shi da zarar ka juya baya. Ka zauna da shi ka tambaye shi abin da yake gani ya fi ba shi wahala a wasa, ku duba awonsa tare, ka bar shi ya fara faɗin adadi, sannan ka ɗaga ko ka sauke.

Na taɓa samun wani ɗan gaba mai kimanin shekara 16 da ya zo mini kafin gasar hutu ya ce, "Malam, na yi alƙawari zan ci ƙwallo goma." Na yarda da shi ba tare da dogon tunani ba. Kafin wasa na uku yaron ya daina ba kowa ƙwallo, yana bugawa daga inda ko gwani ba zai ci ba, abokansa kuma suka daina nemansa. Burin ya yi aikinsa sarai, domin ya karkata hankalinsa kacokan ga abin da aka ƙirga, sai dai abin da aka ƙirga ne bai dace ba. Na kira shi gefe na ce, "Ɗana, mu ajiye goman nan. A wasa mai zuwa ina so ka waiga ka dubi bayanka kafin kowace ƙwallo ta iso ƙafarka, zan sa wani a benci ya ƙirga." Daga ranar ya fara ganin abokansa, su ma suka dawo suna ganinsa. Tun daga lokacin, kafin in amince da kowane adadi, nakan tambayi kaina irin halin da zai haifar idan yaro ya bi shi ido rufe.

Haka kuma kada a bar 'yan baya da mai tsaron gida ba abin ƙirgawa, domin idan cin ƙwallo kaɗai ake yabawa kowa gaba zai gudu. Ƙungiya za ta iya ɗaukar buri irin su rage ƙwallayen da ake ci mata daga bugun kusurwa, ko kammala wasa uku a jere ba katin da aka samu saboda musu. Kada a mayar da zagayen fili horon wanda ya kasa cim ma adadinsa, domin yin haka yana koya wa yaro ƙin gudu da ɓoye gaskiyar littafinsa. Ga yara mata musamman, yana da kyau mai horarwa ya je gida ya gaida iyaye, ya nuna musu ranaku da lokutan atisaye a rubuce, domin uban da ya san ƙarfe nawa 'yarsa za ta dawo ya fi sauƙin ba da izini.

Dole in faɗi wani abu mai nauyi. Burin kofi da ya fi ƙarfin mutum, idan ba shi da matakai a ƙarƙashinsa, yakan tura shi neman gajeriyar hanya. Daga nan ake faɗawa shan tiramadol domin a daina jin gajiya, ƙwayar da ke kama mutum ta hana shi sakat, wadda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta a lokacin gasa tun farkon 2024. Daga nan ake rage shekaru a takarda, alhali yanzu ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru a gasannin 'yan ƙasa da shekara 17. Daga nan kuma iyaye ke sayar da gona su miƙa wa wanda ya ce zai kai ɗansu Turai. Yaron da ke ganin adadinsa na hawa a littafi duk wata ya fi sauran haƙurin jira.

Idan wa'adi ya cika ba a kai ba

Wannan zai faru, kuma ba sau ɗaya ba. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ka buɗe littafin ka ƙirga ranakun da ka yi aikin da ka rubuta. Idan cikin atisaye 24 ka halarci 13, burin ba shi da laifi, sai ka binciki abin da ke hana ka zuwa ka gyara shi, ko da sauya lokaci ne. Idan ka halarci kusan duka amma adadi bai motsa ba, to ko wa'adin ya yi gajarta, ko salon atisayen bai dace ba, ko barci da abinci sun gaza, ko kuma akwai rashin lafiyar da ya kamata ma'aikacin asibiti ya duba. Kowanne da maganinsa daban, kuma littafin ne zai nuna maka wanne ne.

Rauni yana soke duk wa'adin da aka yanka. Wanda ya gurɗe ko tsokar cinyarsa ta yage ya rufe tsohon shafi, ya buɗe sabo da burin jinya bisa abin da likita ya ce: ranar da zai taka ba ɗingishi, ranar da zai yi sassarfa ba zafi, ranar da zai juya da gudu, sannan ranar da zai taɓa ƙwallo. Kada ya tsallake mataki saboda wasan ƙarshe ya matso.

Idan kuwa an cim ma adadin, a gaya wa wanda ya riƙa ƙirga maka zagaye, domin yana da rabo a ciki. A sassauta atisaye na mako guda jiki ya huta, sannan a koma filin nan mai duwatsu huɗu a kusurwa, a lokacin da aka saba, a sake awo, a rubuta sabon adadi da sabuwar rana a shafi na gaba.